Littafinka Mai Baƙin Bango

Baban Safiya,

Assalamu alaikum. Allah Ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙar ba. Duk da haka sai na rubuta, don haushinka nake ji. E, haushi. Allah Ya yafe mini, amma gaskiya ke nan.

Bari in fara da labarin gida. Na fita takaba, na koma aiki, kullum ina bin bas zuwa cikin gari tunda ka tafi ba ka gama koya mini tuƙi ba. Safiya ta shiga aji uku, har yanzu in na yi mata Hausa, da Turanci take mayar mini. Injin yankan ciyawar da kake turawa ranar da ka faɗi a ƙofar gida na ba wa ɗaliban da ke haya kusa da mu, ba na son ganinsa. Kai da ka je har ƙarshen duniya sau uku ka dawo lafiya, sai a kan ciyawar unguwarmu ta Glenwood zuciyarka za ta tsaya? Inna ta yi waya daga Damagaram, ƙafar tata da sauƙi.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Farfesarku, baturiyar nan mai furfura da ke shugabantar ɗakin bincikenku, ta kira ni sau huɗu. Littafinka take nema, mai baƙin bangon nan da kake sawa a aljihun rigar sanyi. Ta ce akwatuna huɗu na kwalaben ruwan tekun da ka ɗebo suna nan a firijinsu, kowace kwalba da lamba a jikinta, lambar kawai. A wane rami ka ɗebe ta, a wane zurfi, ƙarƙashin ƙanƙara ne ko a buɗaɗɗen ruwa, duk yana cikin littafin. Takardun jirgin ruwan da ya kai ku sun nuna inda kuka tsaya, amma kai ne ka sauka kan ƙanƙarar ka huda ta da hannunka. In littafin bai fito ba zuwa ƙarshen watan nan za su zubar da ruwan, don wasu na jiran firijin. Aikinka na shekara uku ke nan.

Ni kuwa sau huɗu ina ce mata ina dubawa. Ƙarya nake yi mata, Baban Safiya. Littafin ya zama toka, kuma ni na ba da shi.

Kafin ka ɗaure fuska, tsaya ka ji naka laifin. Wane irin mutum ne zai yi boko har ya gaji, ya iya Faransanci, ya iya Turanci, sannan ya tashi ya rubuta aikin kimiyya da ajami? Don Allah fa! Ka taɓa ce mini in yatsunka suka daskare rubutun makarantar allo ne kaɗai ke fita da sauri. To madalla. Da ka dawo fa? Sati uku kana gida, kwamfuta na gabanka, kullum sai ka ce gobe za ka juye shi.

Bayan sadakar arba'in, Hajiya Rabi da sauran matan unguwa suka zo taya ni kwashe kayanka. Muka ci karo da tarin takardu masu rubutun Larabci: tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani, addu'o'in da Baba ya rubuto maka, da wannan littafin a tsakiyarsu, duk ya jiƙe ya bushe ya kumbura. Na buɗe shafin farko na ga bisimilla, ban ƙara buɗewa ba. Ka san ni 'yar boko ce, ajamina bai taka kara ya karya ba, ga idona a kumbure. Na ɗauka wuridinka ne. Hajiya ta ce irin wannan ba a barinsa inda yara za su taka, balle a garin da ake kwashe shara a haɗa da komai. Muka naɗe su a farin ƙyalle muka ba Malam Sanda, wanda ya yi maka salla. Ya kai su gonar da ake yanka mana ragon layya a McLeansville, ya ƙona su cikin ladabi, ya binne tokar a gindin bishiya. Har godiya na yi masa.

Ka ga abin da ka jawo? Da ka rubuta ko kalma ɗaya ta boko a bangon, da yanzu ba wannan zancen muke ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san abin da ke cikin kwalaben nan, na sani sarai, don ka cika mini kunne da shi shekara da shekaru. Tuwo na hucewa kana bayani. Wai akwai iskar gas iri-iri a narke cikin ruwan teku, 'yar mitsitsiya, wasu ƙananan halittun da ido ba ya gani ke samar da ita. Wata in ta tashi sama tana taimaka wa gajimare ya haɗu, wata kuma ƙara wa duniya zafi take yi. Wai ƙanƙarar can gaba da Alaska murfin tukunya ce, yanzu da duniya ke ɗumama murfin na buɗewa da wuri ya daɗe bai rufu ba, kuma ba wanda ya san takamaimai me zai fita, me zai shiga. Na taɓa tambayarka me ya haɗa Badamagare da ƙanƙara, ka ce damina ta rikice wa Inna a gona, kuma sama ɗaya ce ta rufe mu duka. Na yi tsaki na kwashe kwanuka. Ka ga dai ina ji, ban nuna maka ba ne kawai.

Akwai kuma wani abin da ban taɓa gaya maka ba. Tafiyarka ta ƙarshe, ka yi mini alkawari ba za ka je ba, sannan ka je. Ranar da na raka ka filin jirgi na ce maka na gaji da kai da tekunka, kada ka ƙara yi mini maganar gas muddin ina raye. Ka ɗauki jakarka ka wuce. Duk wata biyun da ka yi a jirgin ruwan kana aiko mini imel, kusan kullum. Ban buɗe ko ɗaya ba. Da ka dawo ka tambaye ni ko sun iso, na ce sun iso, na canza magana.

Ranar Asabar da safe, bayan na kai Safiya islamiyya, sai dabara ta faɗo mini. Na ce ai shi ke nan, na tsira. Mutumin da ba ya iya cin abinci bai yi zancen aikinsa ba, ai duk lambobin nan suna cikin saƙonnin. Na kawo takarda da biro na zauna gaban kwamfuta, na shirya in kwafe wa farfesa komai.

Na karanta su ɗaya bayan ɗaya, tun daga na farko har na ƙarshe. Babu lambar kwalba ko ɗaya. Babu rami, babu zurfi, ko kalmar gas babu. Ka tambayi ciwon bayana. Ka tuna mini in sa a duba na'urar ɗumama gida kafin sanyi ya shigo. Ka ba ni labarin yadda rana ta ƙi faɗuwa har ka rasa lokacin magariba, da yadda ka yi ƙoƙarin koya wa kukun jirgin dafa-duka ya ɓata muku shinkafa. Ka ce kana kewar faɗana. A na goma sha wani abu ka rubuta cewa yau kun ga abin mamaki a ƙarƙashin ƙanƙara, amma ba za ka faɗa ba, tunda na hana.

Haba, Baban Safiya! Shekara goma sha ɗaya ina magana ba ka taɓa jin ko ɗaya ba. Na ce ka rage gishiri, ka ƙi. Na ce ka je likita ya duba ƙirjin nan, ka ƙi. Na ce kada ka tafi, ka tafi. Sai wannan ɗaya tilo, wadda na faɗa cikin fushi, ita ce ka ga dama ka riƙe? Me ka gani a ƙarƙashin ƙanƙarar? Wa zan tambaya yanzu?

Ranar Litinin zan shiga bas in je wurin farfesar da ƙafata, in gaya mata gaskiya ido da ido. Zan roƙe ta in za su zubar ta bar ni in tsaya a wurin. Ban san me ya sa ba, ina dai ganin bai kamata a yi babu naka ko ɗaya a ɗakin ba.

Ka yafe mini littafin. Ka yafe mini wata biyun da ka yi kana rubuto mini kana jina shiru. Ni ban gama yafe maka ba tukuna, amma ina kan hanya.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Sai mun zo.

Matarka mai faɗa,
Maman Safiya