Shafin da Ya Rufe Bakin Baba Bukar

Zuwa ga maigidana kuma malamina, Baturen Makaranta, mawallafin ɗan littafin taurari mai shuɗin bango.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ni ne Habu, wanda ka koya wa lissafi a Midil, kake kira Sarkin Tambaya. Yanzu ni ke riƙe da aji uku a elementaren ƙauyenmu na bakin kogi, gabas da Haɗeja. Sau biyu ina aika takarda ofishinka, shiru. Na fi zaton a hannun akawu ta maƙale. Shi ya sa na biyo ta jarida, don na san ba ka shan shayin safe sai da ita a hannu.

Tun da fari, ka sani ina son littafin nan. A cikinsa na fara jin cewa rana ma tauraruwa ce, kusanci ne kawai ya sa ta fi sauran girma a idonmu. A cikinsa na ji cewa hasken Kaza da 'Ya'yanta sai ya yi ɗaruruwan shekaru yana tafiya kafin ya iso fadamarmu. Ranar da na karanta wannan, wallahi tuwo ya huce a gabana ban sani ba. Kukana a kan shafi ɗaya ne tak, na goma sha tara, ga shi kuma dalla-dalla.

Na ɗaya. Shekara uku ke nan ka zo mana rangadi da kaka. Garin sauka daga kwalekwale santsi ya kwashe ka, ka gurɗe gwiwa. Wanda ya gasa maka ita da ruwan zafi shi ne surukina, Baba Bukar mai hisabi, wanda kakanninsa suka taso daga wajen Tafkin Cadi. Kwana biyu kuka yi a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ni ina tafinta inda Hausarka ta ƙare. Ya lissafa maka taurari ashirin da takwas da manomi ke bi, kowanne kwana goma sha uku, ɗaya ya ɗauki sha huɗu. Ka haɗa a takarda, ka ga ɗari uku da sittin da biyar cif, ka miƙe zumbur don murna, ka manta da gwiwar. Ya nuna maka ƙorensa biyu da ƙwallayen dabino: kullum da asuba yakan ɗauki ɗaya daga wannan ya jefa a waccan. In kwanakin tauraro sun cika, sai ya tsaya a ƙofar masallaci bayan an sallame, ya faɗa wa jama'a tauraron da ya shiga. Sai da ka cika littafin aljihunka kafin ka tafi.

Na biyu. Da littafin ya iso bara, na buɗe na ga sunayen nan a jere yadda Baba ya ba ka su, har da irin lafazinsa na Barebari. Sunansa kuwa babu ko a gefe. Wannan bai dame ni ba tukuna, murna ta riga ta rufe mini ido. Ban tsaya na karanta shafin zuwa ƙarshe ba, na sungumi littafi sai ƙofar masallaci bayan la'asar, na tara dattawa, na ce ga ilimin Baba ya shiga ɗab'i. Ina karantawa da ƙarfi, suna gyaɗa kai, har na faɗa cikin layin ƙarshe, inda ka ce wannan duka camfi ne na mutanen dā masu zaton taurari ke kawo ruwa, ɗan makaranta kuma ya bar shi ya riƙi kalanda. Kafin in ankara bakina ya riga ya faɗa. Baba ya lalubi takalmansa, ya ce a gaishe ka, ya shiga gida. Wannan laifin nawa ne, ban kuma daina jin kunyarsa ba har yau.

Na uku. Ranka ya daɗe, Baba bai taɓa cewa tauraro na kawo ruwa ba. Ni ne tafintan, da kunnena na ji: ya ce ruwa na Allah ne, tauraro alama ce ta lokaci. Kai ma kana duba agogon hannunka ka ce azahar ta yi, ba wanda ya taɓa ce maka ka camfa agogo. Kalandar da ka ce a riƙe kuwa guda ɗaya ce a duk ƙauyen, tana rataye a ajina, gara ta cinye rabinta. Watanninmu na Musulunci kuma zagayawa suke yi, ba a shuka da su. To da me mutum zai san ranar zuba irinsa?

Na huɗu, nan ne abin ya fi ciwo. Tun daga ranar nan Baba bai sake tsayawa a ƙofar masallaci ba. Limam ya roƙe shi, Sarkin Noma ya roƙe shi. Amsarsa ɗaya ce, wai baƙon da ya ci abinci a gidansa ya rubuta cewa camfi yake koya wa Musulmi, shi kuwa ba zai tsaya a ɗakin Allah da irin wannan suna ba. Ka san shinkafar fadama ba ta jiran kowa. Sai an zuba ta da shigar tauraron Haƙ'a, ta yi tsawo kafin kogi ya tumbatso daga yamma. Wanda ya kai tauraron Zira'a bai shuka ba, ruwa ya riga shi. Bara kowa ya bi ra'ayinsa. Waɗansu suka yi gaggawa da ruwan farko, iri ya ƙone a ƙasa. Waɗansu muka yi ta jira ko Baba zai huce, kogi ya zo ya tarar da shukarmu ba ta wuce idon sawu ba, ya shanye. Ni mai kalanda a bango, gonata na cikin waɗanda suka nutse. Bana gero muke ci, shi ma da awo.

Na biyar, wannan na tsokana ne, ka yi haƙuri. Jinjirin watan da aka zana a bangon littafin a tsaye yake. Namu na Haɗeja kuwa a kishingiɗe yake fitowa kamar kwalekwalen da ya kayar da kai. Tauraron arewa ma an kai shi can ƙoli, alhali mu daga kan tsamiya kaɗan muke hango shi. Baba ne ya gano, da ya kai littafin dab da hancinsa, don idon ya yi rauni. Ka san abin da ya ce? Wai kada in ga laifinka, wataƙila samaniyar garinku aka zana, kowa kuma da irin tasa.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Na ji za a sake buga littafin, to a cire layin nan, a rubuta abin da Baba ya faɗa da bakinsa. A sa sunansa a ƙarƙashin taurarinsa. A kwantar mana da watanmu. Abin da ya fi duka kuma, ka rubuto masa takarda da hannunka, ko layi uku ne, da Hausar nan taka mai karkata. Ni zan karanta ta a ƙofar masallacin nan, bayan la'asar, gaban dattawan da suka ji ta farko. Wannan karon sai na karanta ta sau uku ni kaɗai kafin in buɗe baki.

Kada ka ce ka makara. Matata, 'yarsa, ta gaya mini har yanzu kowace asuba tana jin ƙarar ƙwallon dabino na faɗawa cikin ƙwarya a ɗakinsa. Lissafin bai ɓace ba, bakin ne ya rufe. Amma shekarunsa sun ja, ba kuma wanda ya riƙe hisabin nan kaf sai shi. Yau saura taurari biyu Haƙ'a ta shiga, kwana ashirin da shida ke nan. Na san da haka ne don na roƙi matata ta leƙa ƙwaryar ta ƙirgo mini.

Jiya na shaida masa zan rubuto maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Na zaci zai ambaci shafin. Sai ya ce in tambaye ka gwiwar nan ta warke kuwa, don ka tafi bai gama gasa ta ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa littafinka ya shiga kowane aji a ƙasar nan da gyaransa. Allah ya sa amsarka ta riga kogi isowa.

Wassalam.

Ɗalibinka har kullum,
Habu, malamin aji uku.