Jan-baki a Kan Dungun Saje

Litinin, 7 ga Maris, 1983
Dungun ya sake fashewa. Da na cire ƙafar katakon bayan aikin gadi, safar duk jini da ruwa. Rahmatu, uwar 'ya'yana, ta tambaya, na ce zufa ce. Shekara goma sha huɗu ke nan tun da nakiya ta ɗauke min ƙafar hagu a yaƙi, har yau ban iya ce wa matar nan "yana min ciwo" ba.

Laraba, 9 ga Maris
Asibiti. Likita ya daɗe yana kallon gyambon. Wai dungun ya rame, ramin ƙafar da yake shiga, wanda suke kira soket, ya yi masa yawa, shi ne yake gugarsa. In bai warke ba za su ƙara yankewa sama da gwiwa.
Gwiwata. Ita kaɗai ta rage min a wannan ɓangaren.
Ya tura ni ɗakin masu gyaran ƙafa.

Talata, 15 ga Maris
Mai gyaran mace ce ashe. Magdalina sunanta, 'yar Gwari, ba ta girmi 'yata Sakinatu ba. Ta ce, "Baba, naɗe wando." Ni, Saje Sanda, in buɗe wa yarinya wannan abu? Na ce zan dawo. Na fito na zauna a gindin mangwaro har azahar, na kasa tafiya gida, na kasa komawa.

Alhamis, 17 ga Maris
Mai sito ya ce ba ya son maigadi a zaune. Na tsaya. Dungun wuta kawai.

Jumma'a, 18 ga Maris
Na koma. Ba ta ce komai a kan ranar nan ba. Ta danna nan, ta danna can: "Akwai ciwo?" Babu. "Nan fa?" Babu. Sai ta ajiye hannu ta dube ni.
"Baba, ni ba ofisa ba ce. In ka ce babu, ban san inda zan goge ba."
Sai ta buɗe jakarta ta ciro jan-bakinta, wallahi jan-baki na mata, ta shafa min a kan ƙashin dungun. Ta sa na saka ƙafar na taka sau goma. Da aka cire, ga ja a wurare uku cikin soket ɗin, daidai inda yake cina. Ta ce, "To, shi ya faɗa."
Kunya kamar in nutse. Ta karɓe ƙafar, ta ba ni sanduna, wai sai gyambon ya bushe.

Lahadi, 27 ga Maris
Zaman gida. Daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa ɗaki. Na yi wa Rahmatu tsawa a kan gishiri. Ba gishirin ba ne.

Talata, 5 ga Afrilu
Gyambon ya kame. Ta naɗe dungun da bandeji mai farar ƙasa, ya bushe, ta zare. Na ga siffar abin a kan tebur, ƙarami, a karkace. Ban taɓa kallonsa sosai ba sai yau, da yake ba a jikina yake ba.
An ɗauki wani a madadina a sito. Wai na wucin gadi.

Asabar, 9 ga Afrilu
Na hau mota zuwa Ƙetaren Gwari wurin Ndagi, da muka kwanta asibitin soja gado da gado. Tasa ƙafar katakon tana ƙarƙashin gado shekara shida, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ya ce, "Saje, wannan abu ba shi gyaruwa." Ya rame. Ba ya fita. Na dawo raina a jagule, don kamar kaina na gani.

Laraba, 20 ga Afrilu
Sabon soket. Na taka, ta goge da magagari, na sake takawa. Sau bakwai. A na biyar bakina ya suɓuce na ce, "Nan, ta gefen nan, yana tsunkulina." Ta yi alama da fensir kawai, ba ta ko ɗaga kai ba. Na ji daɗin haka.

Litinin, 25 ga Afrilu
Na koma aiki. Na cire safa da yamma, busasshiya. Na juya ta ciki da waje don in tabbatar.
Na aika wa Ndagi cewa ranar Laraba ta mako mai zuwa zan zo in ɗauke shi mu je wurin Magdalina, ya kakkaɓe ƙafar.

Lahadi, 1 ga Mayu
Ruwan farko mai ƙarfi. Sakinatu ta zo da 'yarta Jummai. Rahmatu ta ce wai da yayyafi ya fara na sure yarinyar a tsaye na ruga da ita rumfa, ni da tun bayan yaƙi ko 'ya'yana ban taɓa ɗauka ba sai a zaune. Tana faɗa tana share ido da bakin zane. Ni dai ban lura ba. Taku nawa ne ma daga tsakar gida zuwa rumfa, abin bai kai a yi ta magana ba.
Akwai ɗan wuri ta bayan gwiwa da ke matsa ni kaɗan. Na nuna wa Rahmatu. Laraba in na kai Ndagi sai in faɗa wa Magdalina.