Ba Mai Uwa a Cikinsu

Daren Talata, Jibiya

Ban iya rubutu ba, sai dai in danna wayar nan in yi magana a hankali kada yara su tashi. Gobe za mu ƙetara asibitin Maraɗi. Likita ya ce ɗan ya kwanta a gicciye, sai an yi mani aiki.

Ɗazu bayan magariba ɗiyata tana kallon katun a wayar Malam, babanta. Ta juyo ta ce, "Inna, wannan ma uwarta ta mutu. Duk cikinsu ba mai uwa." Na ce ta yi mani shiru ta ci tuwonta. Ta ce, "Ai in uwa tana nan ba a fara labarin."

Na bi tatsuniyoyin da kakata ta yi mana a ƙauyenmu Riko, su ma haka suke. Marainiya ta tahi rafi, marainiya ta shiga daji. Uwar kuwa ko sunanta ba a faɗi.

Yarinyar nan ita ce ta fari gare ni, kunya ba ta taɓa bari na kira sunanta ba. "Ke" nake ce mata tun tana goye. In ban dawo ba, iyakar abin da za ta riƙe daga bakina ke nan.

Ga ta kwance, ƙafarta bisa cinyata. Malam, don Allah kada ka goge wannan, ka kunna mata in ta girma.

Rabi'atu. Rabi'atu, ni ce Innarki.