Fadar Gareji

Asabar, 4 Mayu 2024
Ƙungiyar masu gidajen unguwa, HOA, ta ce a riƙa rufe ƙofar gareji. Wai zaman da muke yi ran Asabar yana ɓata kyan layi. Tabarma biyu, butar shayi, da maza masu furfura suna hirar Yamai, shi ne ɓata layi! Gidan nan na garin McLeansville, nan ƙasar waje, da gumina na saye shi, amma fadata sai da izinin wasu.

Talata, 14 Mayu
Na je taronsu. An rasa mai shiga kwamiti. Djibrilla, maƙwabcina, wanda shi ke dafa mana shayi, ya zungure ni: "Alassane, shiga mana! Kai ke da Turanci. Sai da namu a ciki." Na shiga.

Talata, 11 Yuni
Yamma guda cur kwamiti na muhawara a kan launin akwatin wasiƙa. Allah ya isa.

Asabar, 6 Yuli
Shayi a gareji rufe, zafi kamar tanda. Ina shigowa Amadou, ɗaya daga cikin 'yan fadar, ya ce, "Ku gyara zama, ga gwamnati." Aka kwashe da dariya. Ni dai ta yi mini ciwo.

Talata, 13 Agusta
Zipporah, shugabar kwamiti, ta tare ni bayan taro. Za ta goyi bayan buɗe gareji, in ni ma na goyi bayan hana ajiye motar aiki a ƙofar gida. Irin wannan mota guda ce a layinmu: farar motar Djibrilla ta gyaran AC, mai tsani a bisa. Ta sani, na sani.

Na faɗa wa matata Fassouma. Ta ce, "Baban Leïla, shayi ne fa kawai." Ita tana da waya da ƙawaye. Ni duk mako a sito nake, ina ɗaga kwali cikin mutanen da ba su iya faɗin sunana ba. Asabar ɗin nan kaɗai gare ni.

Talata, 10 Satumba
An kaɗa ƙuri'a. Duka biyun na ɗaga hannu, duka biyun sun wuce.

Asabar, 14 Satumba
Na wangale ƙofa, na shimfiɗa tabarma, na hura gawayi. Har la'asar ba kowa. Djibrilla ya wuce a ƙafa da kayan aiki a kafaɗa, don yanzu can bayan unguwa yake barin motar. Na ce, "Mun yi nasara fa." Ya ce, "Barka, Shugaba." Ko tsayawa bai yi ba.

An ce fada ta koma gidan Amadou a Gate City, can cikin birni. Butulci ƙarara. Don wa na yi?

Asabar, 5 Oktoba
Ciyawar ƙofar Djibrilla ta wuce ƙa'ida, kwandon shararsa kuma tun Laraba yake waje. Na ɗauki hoto. Ban tura wa Zipporah ba.

Ban dai goge ba tukuna.