Lambar da Motar Malam Ta Manta

Gure, ranar Laraba

Zuwa ga maigidana Malam Ma'azu,

Bayan sallama da gaisuwa ta girmamawa, yaya jiki, yaya idon? Allah ya ƙara sauƙi. Rahama, ki karanta wa babanki duka, kada ki tsallake layi.

Motarka ta tashi. Tahiru makanike ya cire ƙwaƙwalwar injin da ta ƙone, ya sa wata ta motar da ta yi hatsari, ya yi amfani da ordinatarsa, wato kwamfuta, ya haɗa ta da makullinmu. Sai dai kwantar, wato agogon ƙirga kilomita, yanzu dubu tamanin yake nunawa, alhali a littafinka kilomita dubu ɗari uku da goma ta ci.

Na ce a mayar da lambar gaskiya. Tahiru har da riƙe ciki don dariya, wai shekara goma ana roƙonsa ya rage, ba a taɓa cewa ya ƙara ba, kuma na'urarsa ba ta iyawa, sai ta wani mutum a Damagaram. Ƙanenka Modu kuwa ya ce Allah ne ya ba mu, in yi shiru. Sau uku ina zuwa garajin, ana ba ni benci kamar mai taɓin hankali.

Wani direba, Barmo, zai saye ta ran Asabar, ya riƙa ɗaukar mutane hanyar Gidigir. Da kuɗin za a yi maka aikin ido, na sani. Amma Malam, rayuka zai ɗora a kan wannan lambar.

Matarka,
Habsu

Gure, ranar Lahadi

Malam,

Ina gaisuwa, da fatan kun kwana lafiya.

Mutumin Damagaram da na aika wa bai zo ba. Jiya na rubuta lambar gaskiyar da tawadata, na liƙa a gaban sitiyari. Barmo ya karanta, ya yi godiya sosai, ya fasa. Modu ya daina gaishe ni. Tahiru ya ce na ɓata masa aiki.

Na sayar da tumakina huɗu. Likita ya yi ido ɗaya, ɗayan ya jira kaka. Ban shawarce ka ba, ka yafe mini. In faɗa za ka yi, ka bari a kwance bandejin tukuna, ka yi shi kana kallona.

Takardar tana nan liƙe.

Taka,
Habsu