Kunnen Amiru

Isa, Litinin

Ɗiyata Safiyatu,

Assalamu alaikum. Babanku lafiya, sai ciwon ƙafa. Ƙanwarki Habi ta warke daga zazzaɓi. Maƙwabcinmu Muntaka bai tashi ba, harsashin 'yan bindiga na cikin cinyarsa har yanzu. Hussaini na gidan bayanmu kuwa, jiya aka yi addu'ar bakwai ɗinsa. Ki yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi.

Mi likitan kunne na Sakkwato ya ce game da ƙanenki Amiru? Kin san shi 'yan sa-kai suka ɗora bisa tsamiyar bakin garinmu, in ya ji baburan 'yan bindiga ya buga ƙarfe mu gudu. Bai buga ba. Da rana tsaka muka gan su cikin kasuwa suna harbi. Hussaini na ɗauke da buhun gero suka same shi a wuya, gero da jini suka haɗu a ƙasa.

Yanzu Yari, shugaban 'yan sa-kai, ya ce Amiru sayar da gari ya yi. Wanda suka zarga da haka bara, a bayan makaranta suka yanka shi. Ya ce ran Juma'a za su yanke magana.

Innarki, Maimunat

Sakkwato, Talata

Inna,

Ina gaishe ki da Baba. An gwada Amiru, kunnuwansa duka sun lalace, na hagu ya fi. Amma likitar, mace ce, ta ce Yari zai iya cewa harbin ranar ne ya kurmanta shi. Don ta rubuta cewa ciwon ya daɗe, sai ya faɗi duk ƙarar da ya zauna cikinta tun yana ƙarami. Ta tambaye shi inji, babur, bindiga. Ya ce, "Ni manomi ne, likita, sai kukan tsuntsu."

A waje na finciko rigarsa. Na ce, "Kai, mutuwa kake so?" Ya ce, "Yaya, in na ce na daɗe ba ni ji, kuma na hau tsamiyar, wa ya kashe Hussaini?"

Ya ƙi ci. Ki faɗa mani abin da kika sani.

Safiyatu

Isa, Laraba

Safiyatu,

Bayan gaisuwa, ki karanta wa likita wannan a gaban Amiru, da ƙarfi, ta kunnen dama.

Tun tsawonsa bai kai na inji ba yake niƙa wurin kawunsa a Turba, safe har magariba, har ya yi gemu. Daga nan kabu-kabu zuwa Sabon Birni da babur mai fasasshen salansa. Da damina bindigar toka ta tarwatse a kafaɗarsa, jini ya fito masa ta kunne, ya ce mana tsinke ne. Ya ɓoye don kar a karɓe masa bindiga a mai da shi cikin mata.

Ki ce masa waɗanda suka harbi Hussaini suna daji. Shi kuwa ya rayu ya amsa nasa laifin, ya je ya durƙusa gaban uwar Hussaini.

Za ni wurin Yari da kaina bayan sallar Juma'a. Ki ba direban motar Isa takardar likita kafin ranar. Kar Amiru ya biyo motar, ko ya rantse.

Innarki