Na Ce Wa Likita Ta Ce A'a

Assalamu alaikum Hajiya, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah ki ɓoye sunana. Masu karatu kuma ku yi mini a hankali, duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina. Na canza sunayen mutanen da zan ambata.

Ni 'yar Haɗeja ce. Na yi karatun kiwon lafiya, na zauna shekara uku ba aiki. Sai wasu masu bincike daga wata jami'a suka zo yin aiki kan tsargiya a tsakanin baƙin da suka sauka a bakin kogi, can hanyar Guri. Mutane ne da rikici ya koro daga yankin tafkin Chadi, da yawansu daga tsallaken iyaka, suka kafa tunga suna kamun kifi da noman shinkafa. Mazansu na ɗan jin Hausar kasuwa, amma matan, musamman manya, sai Barbarci. Aka ce ana neman mace mai ilimin lafiya da za ta yi tafinta. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, a hannunta na girma. Ranar tantancewa aka tambaye ni, "Kina jin yaren sosai?" Na ce, "Kamar Hausa." Ƙarya na yi. Barbarcina na gaisuwa ne da aike da faɗan kaka. Kuma na mutanen tafki ba irin namu ba ne, da sauri suke yi, da kalmomin da ban taɓa ji ba. Tun ranar farko na gane haka. Me ya hana ni faɗa? An riga an yi mini murna a gida, babana ya gaya wa abokansa a masallaci cewa 'yarsa ta samu aiki da likitoci. Sai na riƙa lallaɓawa, abin da na ji in faɗa, wanda ban ji ba in cike da kaina.

Akwai wata mata, Ya Falmata, za ta kai shekara hamsin, sana'arta bandar kifi. Kullum muka je sai ta jawo ni inuwa ta ce in zauna, wai na yi kama da ƙanwarta da suka rabu a hanyar gudu. Ranar da aka kawo na'urar hoton ciki, likitanmu ya daɗe yana duba cikin Ya Falmata. Ya ce tsargiyar ta taɓa mata hanta, saifarta ta kumbura. Ya juyo ya ce, "Malama, tambaye ta da kyau. Ta taɓa aman jini? Bayan gidanta ya taɓa yin baƙi? In ta ce e, yau za mu tafi da ita a motarmu."

Na haɗa tambayar yadda na iya. Ta ja mayafi ta rufe baki saboda kunyar likita namiji, ta yi magana mai tsawo ƙasa-ƙasa, tana nuni da hannu. Wallahi abin da na kama bai wuce "ciki" da "ruwa" ba. Layi ya yi tsawo, rana ta take, likita ya zuba mini ido. Da na ce masa ban gane ba, me zai faru? A kira wani namiji ya taimaka, shi ke nan. Amma na ga asirina zai tonu a gaban kowa. Na ce, "Ta ce a'a."

Ya ba ta magani, ya rubuta takarda, ya ce lallai ta je babban asibiti kafin sati biyu. Na gaya mata asibiti. Ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko dole ne, don lokacin kifi ne. Wannan kam na ji ta sarai. Na san in na ce dole ne za ta tambayi dalili, ni kuma ba ni da kalmomin da zan yi mata bayani. Na ce, "Ba dole ba ne, Ya Falmata, sai in kin ji jiki." Ta yi murmushi, ta sa mini albarka.

Sati biyar bayan nan ta rasu. Da hantsi tana juya kifi a kan banda jini ya ɓalle mata ta baki. Ruwa ya cinye hanya a lokacin, aka sa ta a kwalekwale, ba su kai bakin titi ba.

Na je gaisuwa. 'Yarta Yagana, wadda ta koyi Hausa wajen kai kifi kasuwa, ta zauna kusa da ni tana ba ni haƙuri, ni da na zo ba ta. Ta ce, "Malama, kwana ne ya ƙare. Ai ranar nan ta gaya muku komai. Ta ce sau biyu tana aman jini tun farkon damina, bayan gidanta ya koma kamar gawayi. Ta dawo da murna ta ce likita ya ji, ya ce ba dole ta je asibiti ba. Tunda likita ma bai ga abin tsoro ba, mu wa za mu zarga?" Ban san yadda na tashi daga tabarmar nan ba. Ashe abin da take faɗa ke nan a bayan mayafi. Ashe motar da za ta kai ta asibiti tana tsaye a gabanmu, ni na hana ta shiga.

Da a nan abin ya tsaya ma da sauƙi. A ofis aka ba ni takardar bibiya, akwai gurbin da za a rubuta dalilin da ya sa mara lafiya bai je asibiti ba. Na rubuta, "Ta ƙi zuwa." Da aka tambaye ni ko mijinta ne ya hana, na ce mai yiwuwa. Na ɗora wa gawa laifi, na ɗora wa mijinta.

Tun daga lokacin ba na iya cin kifin banda. Ko warinsa na ji a kasuwa sai in canza hanya. Ina tsakiyar salla sai in ji muryarta, wannan maganar mai tsawo, har yanzu ban gane kalmomin ba amma na haddace yadda sautin yake hawa da sauka. Na koma wajen wata tsohuwa a unguwarmu ina koyon yaren da gaske, kowace kalmar ciwo ta koya mini sai in tuna wata mata da na taɓa gyaɗa wa kai ban fahimce ta ba. Su nawa ne? Wace ce take yawo yanzu da irin ciwon Ya Falmata, an rubuta mata a'a?

Yanzu an gama bincike, an shiga aiki da abin da aka gano. Daga cikin abin da suka ce sun gano har da cewa matan baƙin nan ba sa zuwa asibiti saboda mazansu na hana su. A kan haka aka tsara wayar da kan magidanta. Satin da ya wuce muka tara maza a ƙofar gidan bulama, wato mai unguwarsu. Likita ya yi jawabi, ya kawo misalin wata baiwar Allah da aka ba takarda aka hana ta zuwa har ta rasu. Bai ambaci suna ba, amma wa bai sani ba? Duk aka waiwaya ana kallon Ba Modu, mijin Ya Falmata.

Tsohon ya miƙe. Ya yi magana da Barbarci a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar don ni yake yi. Ya ce shi ya goyo matar nan a bayansa ranar da suka tsallake ruwa suna gudu, ta yaya zai hana ta magani? Ya ce ta tambaya ko dole ne, aka ce mata ba dole ba. Na ji kowace kalma. Likita ya ce, "Me Baba ya ce?" Hajiya, Allah ya sake ba ni dama a gaban jama'a, na sake watsar da ita. Na ce, "Ya ce haka Allah ya ƙaddara, sun gode."

Na manta Ba Modu yana jin Hausa. Ya koma ya zauna. Sai da muka zo shiga mota ya matso kusa da ni, ya ce da 'yar Hausarsa, "Malama, ba haka na ce ba." Bai ɗaga murya ba. Ya juya ya tafi.

Nan da kwana goma za a ɗauki muryata a saƙonnin da za a riƙa sa wa mutanen tungayen, kuma an ce ni zan horar da sababbin ma'aikata, wai ni ce jama'a suka yarda da ita. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, wannan na haƙura. Abin da nake tsoro shi ne a ce duk binciken ya gurɓata a tattara a tafi, alhali maganin da ake rabawa yana yi wa yaransu amfani, na gani da idona fitsarin jini ya ragu. Mutanen nan da ƙyar suka yarda aka duba su, suna tsoron a rubuta sunansu a mayar da su inda suka fito. In suka ji abin da na yi, wa za su ƙara buɗe wa baki? In kuma na yi shiru, za a ci gaba da yi wa mazansu wa'azi kan laifin da ba su yi ba, matan da na yi wa tafinta kuma ba wanda zai sake tambayarsu.

Likita zan fara samu, ko Ba Modu? Da wane ido zan kalli Yagana in ce mata mahaifiyarta ta faɗi gaskiya, ni ce ban ji ba, kuma na ƙi cewa ban ji ba? Akwai kaffara a kaina? Malamai da ma'aikatan lafiya da ke shafin nan, don Allah ku taimake ni kafin kwana goman nan su cika. Me zan yi?